Daga Jahun ko Birnin Kudu zuwa jami'a: DE, canjin kwas da taransifa a karatun lafiya, wace ƙofa ce take ɓullewa?

Duk shekara da zarar JAMB ta buɗe sayar da fom ɗin DE, wato Direct Entry, hanyar shiga jami'a daga aji biyu, sai ka ga kafe-kafen hedikwatar ƙananan hukumomi sun cika da matasa kowa riƙe da fayil ɗin leda, wasu tun asuba suka taso daga ƙauye a kan mashin, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Na gama CHEW, wato karatun ma'aikacin lafiyar al'umma, a kwalejin Jahun, zan iya shiga nas a BUK? Ina aji biyu a bayoloji a Dutse, zan iya komawa likitanci? Ƙanena yaƙi ya koro shi daga Sudan, a ina zai ɗora? Mai kafe kuwa aikinsa firintin da fotokofi, amma shi ake mayarwa mai ba da shawara, sai ya faɗi abin da ya ji daga bakin wani, shi ma wanin daga wani ya ji. A nan ne ake fara asarar kuɗi da shekaru, domin tambayoyin nan uku kowacce ƙofarta daban, dokarta daban, masu riƙe da makullinta ma daban.

Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Ta farko DE. Wannan hanya ce ta JAMB ga wanda ya riga ya yi wani karatu bayan sakandare, kamar IJMB ko JUPEB, wato karatun share fagen shiga jami'a, ko difuloma ko satifiket ɗin nas ko ma digiri, ba sai ya sake zaunawa jarrabawar UTME ba, idan jami'a ta ɗauke shi daga aji biyu zai fara. Abin da DE take rage maka shekara ɗaya ce kawai a mafi yawan kwasa-kwasan lafiya. Likitanci da likitan haƙori shekara 6 ne ga ɗan UTME, ɗan DE 5. Digirin nas, wato BNSc, shekara 5, ɗan DE 4. Ilimin gwaje-gwajen lab da na ɗaukar hoton marasa lafiya su ma shekara 5 ne, famasi kuma a tsarin Pharm.D shekara 6. Bayan an gama akwai shekara guda ta sanin makamar aiki a asibiti, sannan bautar ƙasa ga wanda bai wuce shekara 30 ba lokacin da ya kammala. To duk mai lissafi ya haɗa da waɗannan.

Ta biyu canjin kwas, wato kana cikin jami'a ɗaya ka bar wannan sashe ka koma wancan. Wannan ba fom ɗin DE ake saya ba, a cikin jami'ar ake nema, sashen da za ka bari ya sake ka, wanda za ka shiga ya karɓe ka, hukumar jami'a ta sa hannu, sannan a gyara bayananka a wurin JAMB. Mutane da yawa suna karɓar kwas ɗin da ba sa so da niyyar "in na shiga zan canja", kuma gaskiyar magana barin likitanci zuwa bayoloji abu ne mai sauƙi, amma barin bayoloji ko anatomi zuwa likitanci ko famasi ko nas abu ne da ba kasafai yake yiwuwa ba, ko da makin mutum ya kai ƙololuwa, dalilin yana tafe a ƙasa.

Ta uku taransifa daga wata jami'a zuwa wata, a gida ko daga waje. Nan ana buƙatar taranskirif, wato takardar sakamakon darussan da ka yi, wadda jami'ar farko za ta aika kai tsaye, da shaidar cewa ba korar mutum aka yi ba, da gurbi a inda za a je. Kuma jami'ar da ta karɓe ka ita ke yanke ajin da za ta sa ka, tana iya dawo da kai baya da shekara ɗaya ko biyu idan darussan da ka yi ba su yi daidai da nata ba.

Makullin ba a hannun jami'a kaɗai yake ba

Abin da ya bambanta karatun lafiya da karatun tarihi ko tattalin arziki shi ne, bayan NUC, hukumar jami'o'i ta ƙasa, da ke amincewa da kwas a jami'a, kowace sana'a tana da hukumar da ke ba da lasisi. Likitoci MDCN, nas da ungozoma NMCN, masu famasi PCN, ma'aikatan lab MLSCN, su CHEW kuma CHPRBN. Waɗannan hukumomi suna zuwa su duba makaranta, gadaje nawa ne a asibitin koyarwa, malamai nawa, ɗakunan gwaji nawa, sai su ce ga adadin ɗaliban da aka yarda ki ɗauka a shekara. Wannan adadi shi ake kira kota. Sannan kowane ɗalibi sai an yi masa abin da ake kira indeksin, wato a sa sunansa a rajistar hukumar a ba shi lamba, wanda ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarrabawar lasisi ba ko da ya cinye duk jarrabawar makaranta.

To ka ga idan kotar sashe ta cika da waɗanda suka haye daga aji ɗaya, mai neman canjin kwas da mai taransifa da ɗan DE duk ragowar gurbin suke wawa, wani lokacin ragowar ba ta wuce ƙirgen yatsu ba. Shugaban sashe ko ɗan'uwanka ne ba shi da ikon ƙirƙiro gurbi, in ya ɗauki fiye da kota makarantar ce za ta shiga matsala, ɗaliban da suka yi rara kuma su ne za su zauna jiran indeksin shekara da shekaru.

Na ga irin wannan kusa da ni. Wani dattijo maƙwabcinmu ya sayar da riɗinsa na shekara ya ƙara da tumaki biyu ya kai 'yarsa wata makarantar lafiya mai zaman kanta, ta yi shekara biyu tana sa farin yunifom tana zuwa aikin koyo, har mutanen gari sun fara kiranta likita. Ranar da aka liƙa sunayen masu zama jarrabawar hukuma babu nata. Da ya je ya tambaya aka ce masa, "Baba ka yi haƙuri, sai rukuni na gaba." Ya dawo ya same ni a gindin bishiyar ƙofar masallaci da rasit-rasit ɗin a cikin aljihun 'yar shara, ya ce, "Malam duba min, ko akwai kuɗin da ban biya ba?" Babu abin da bai biya ba. Makarantar ce ta ɗebi ɗalibai fiye da kotarta, kuma yarinyar ba ta da takardar da za ta yi DE da ita, domin DE da satifiket ake yi ba da shekarun da aka zauna a aji ba.

Gwamnatin tarayya ta faɗaɗa kotar a 'yan shekarun nan, a 2024 ministan lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar cewa gurbin ɗaukar ɗalibai a makarantun likitanci da nas da sauran fannonin lafiya ya tashi daga 28,000 zuwa 64,000 a shekara. Ƙari ne babba, amma a tuna na ƙasa ne baki ɗaya kuma ya haɗa da kwalejoji ba jami'o'i kaɗai ba, sannan masu nema sun ninka gurbin nesa ba kusa ba. Akwai kuma tsarin rabon gurbi na jami'o'in tarayya, kashi 45 cancanta, kashi 35 yankin da jami'a take, kashi 20 jihohin da aka bari a baya a boko. Kano da Jigawa suna amfana da wannan a BUK da Jami'ar Tarayya ta Dutse, sai dai fa yaron da ya yi sakandare a ƙauyen da babu malamin fiziks da yaron da ya yi makarantar kuɗi a Nasarawa cikin birnin Kano duk ɗan jiha ɗaya ne a idon tsarin.

Wace takarda ke kai wa ina

Nan ne ya fi kamata a tsaya. Kafin komai sai sakamakon sakandare, kiredit biyar a Ingilishi, lissafi, fiziks, kemistiri da bayoloji. Difuloma ko ta fi kowacce kyau ba ta goge wannan sharaɗi, kuma a likitanci jami'o'i da yawa suna son kiredit ɗin a zama ɗaya, a nas kuma ba a wuce zama biyu. Mutum nawa ne suka gama makarantar lafiya suka yi aiki shekaru, sai ranar DE aka gano fas ne da su a fiziks? Maganin wannan sake WAEC ko NECO ne, babu wata gajeriyar hanya.

Wanda yake da RN, wato cikakken nas mai rajista kamar waɗanda suka fito daga makarantun nas na Birnin Kudu ko Madobi ko makarantar nas ta Asibitin Malam Aminu Kano, hanyarsa ita ce mafi miƙewa, DE zuwa BNSc. Idan yana aiki kuma ba zai iya barin aikin ba, akwai BNSc na karatu daga nesa a NOUN da kuma cibiyar karatun nesa ta ABU Zariya, waɗanda aka tsara su domin nas masu lasisi. Yanzu kuma makarantun nas suna komawa tsarin ND da HND a ƙarƙashin NBTE, hukumar da ke kula da ilimin fasaha, shiga ma ta JAMB ake yi, to sababbin ɗalibai bayanansu suna wurin JAMB tun farko.

Amma a bambance RN da nas ko ungozomar al'umma ta shekara biyu. Wannan shiri an kawo shi ne domin a samar wa ƙauyuka ma'aikata da sauri, lasisinsa daban, matsayinsa ƙasa da RN da RM, wato cikakkiyar ungozoma mai rajista, mai shi sai ya koma ya cike karatun ya zama cikakken nas kafin maganar digirin nas ta DE ta taso. 'Yan mata da yawa daga karkarar Jigawa da Kano sun shiga aikin lafiya ta irin waɗannan hanyoyi, har da shirin share fage na Women for Health da Birtaniya ta ɗauki nauyi daga 2012, wanda ya ɗebo 'yan matan ƙauye ya gyara musu sakamako suka shiga makarantun lafiya. Alheri ne babba, sai dai da yawansu ba a zaunar da su an yi musu bayanin matakala ta gaba ba.

Sai CHEW, waɗanda su ne ƙashin bayan asibitocin sha-ka-tafi a karkara. JCHEW, wato ƙaramin matakin, shekara 2, CHEW shekara 3, a Jahun ko Bebeji ko makarantar koyon aikin lafiya ta Kano. A ƙauye CHEW shi ne likita shi ne nas shi ne mai karɓar haihuwa, shi ya sa yake ganin ai nas ɗin ma ya riga ya iya. A takarda kuwa sana'o'i biyu ne, hukuma daban manhaja daban. Hanyar CHEW ta asali ita ce CHO, wato jami'in lafiyar al'umma, ko digiri a lafiyar al'umma. Wanda ya nace sai nas ko likitanci galibi sai ya dawo ta UTME ko ya yi IJMB kamar kowa. Mai satifiket ɗin MLT, wato mataimakin ma'aikacin lab, da rajistar MLSCN yana da hanyar DE zuwa digirin lab a jami'o'i da dama, mai satifiket ɗin taimakon famasi kuwa kada ya ɗauka kai tsaye zai faɗa Pharm.D, sai ya duba sharaɗin jami'ar da yake so ɗaya bayan ɗaya. Wurin dubawa shi ne kundin JAMB na intanet da ake kira IBASS, a nan kowace jami'a ta rubuta abin da take karɓa da wanda ba ta karɓa, kuma abin da BUK ta karɓa ba lallai Dutse ko Jami'ar Northwest ta Kano su karɓa ba.

Likitanci ta DE hanya biyu ce aka fi sani. IJMB da ABU ke kula da ita ko JUPEB, a darussa uku, fiziks da kemistiri da bayoloji, da maki mai yawa sosai. Ko kuma mutum ya gama digiri a fanni mai alaƙa kamar anatomi, fiziyoloji, bayokemistiri, da sakamako mai kyau, galibi 2:1 zuwa sama, sannan ya sayi DE ya koma aji biyu. Wato shekara huɗu da ƙarin biyar. Akwai masu yi kuma suna gamawa, amma mutum ya shiga da idonsa a buɗe, kuma ya san jarrabawar likitanci 50 ake ci, wanda ya faɗi ya maimaita ya sake faɗuwa ana sallamarsa daga kwas ɗin ko ta wace ƙofa ya shigo.

Me ya sa JAMB ta tsaurara

Da can DE kamar ƙofar baya ce, mutum ya kawo takarda a karɓa. Abin ya canja ne da aka fara bin diddigi, kuma daga Kano aka samu babbar hujja. A 2023 JAMB, ƙarƙashin Farfesa Ishaq Oloyede, ta bayyana cewa BUK ta tantance takardun masu neman DE su 148, guda 6 kacal aka samu na gaskiya. Daga nan aka mayar da rajistar DE ofisoshin JAMB na kanta, aka kuma kafa tsarin da sai makarantar da ta ba ka satifiket ta tabbatar wa JAMB cewa nata ne kafin a ba ka admishan. Ga mai takardar gaskiya wannan kariya ce, domin mai ta bogi gurbinsa yake cinyewa. Amma yana da tsada ga ɗan ƙauye, wanda zai taso daga Gwiwa ko Birniwa zuwa Dutse, ko daga Doguwa zuwa Kano, ya kwana a masallaci ko wurin ɗan'uwa saboda layi, ya gama rajista, sannan tsohuwar makarantarsa ta ƙi amsa saƙon tantancewa da wuri har lokaci ya ƙure. Shi ya sa bayan rajista sai mutum ya koma makarantar da ƙafarsa ya tabbatar sun amsa.

Tun 2017 kuma duk admishan sai ya bi ta manhajar CAPS. Takardar admishan da makaranta ta buga ta ba ka ba tare da ya fito a CAPS ba, a wurin JAMB ba ka shiga makaranta ba, kuma ranar tafiya bautar ƙasa za a gane. Haka mai canjin kwas, idan a JAMB bayoloji ne a jami'a kuma lab yake karantawa, sai an daidaita.

Wata ƙofar da aka rufe ita ce ta maƙwabta. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya fallasa yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida, a Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirorin Jamhuriyar Benin da Togo. A 2023 ɗin dai NUC ta fito ta nesanta kanta daga shirin ɗaga HND zuwa digiri cikin shekara ɗaya ta jami'o'in waje da NBTE ta kawo. Duk wanda aka zo masa da tallan digirin nas ko na lab cikin shekara guda ta waya, tambayar da zai yi ita ce wace hukumar lasisi ce za ta karɓa.

Waɗanda yaƙi ya koro

Yaƙin Yukiren ya fara a Fabrairun 2022, na Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, kuma na Sudan ɗin ya fi taɓa mu saboda yawan 'ya'yan Kano da Jigawa da ke karatun lafiya a Khartum, wasu gwamnati ta tura wasu iyaye. An kwaso su ta Masar da Fot Sudan, da yawa ba su fito da ko takarda ɗaya ba. Gwamnatin Jigawa ta mayar da ɗalibanta zuwa Sayifuros su ƙarasa, amma wanda mahaifinsa ya kai shi da kuɗin gona ko na kasuwa sai ya nemi taransifa a gida. A nan aka yi karo da abubuwa uku a lokaci guda, taranskirif daga jami'ar da ke rufe, kota da ta riga ta cika, da sharaɗin da JAMB ta jaddada cewa sai ɗalibi ya yi aƙalla shekarar karatu biyu a jami'ar da ta karɓe shi kafin ta ba shi digiri. Wanda saura masa 'yan watanni ya gama sai ya ga an dawo da shi baya. MDCN kuma tun lokacin Yukiren ta ce ba za ta amince da karatun likitanci da aka yi ta intanet ba, sannan wanda ya ƙarasa a waje sai ya ci jarrabawarta kafin ya taɓa mara lafiya a Najeriya.

Masu cewa a sassauta da masu cewa a bar shi haka

Ma'aikatan da suka daɗe a fagen aiki hujjarsu a fili take. Matar da ta yi shekara goma tana karɓar haihuwa da fitilar waya a asibitin ƙauye, ta san jinin da ya wuce ƙa'ida da ido, ta san lokacin da za ta ce a nemo mota a tafi Hadeja ko Gumel, a ce ta zauna aji biyu da yaran da ta girme su da shekara goma sha biyar kuma ko yini ɗaya na ƙwarewarta ba a lissafa ba, suna ganin wannan ɓarnar lokaci ce a ƙasar da likitoci da nas ke ficewa zuwa Ingila da Saudiyya. Suna son a yi matakala bayyananniya daga JCHEW har digiri, a riƙa lissafa darussan da mutum ya riga ya ci.

Hukumomin lasisi da malaman jami'a kuma suna cewa ƙwarewar hannu daban, tushen ilimi daban. Aji biyu da uku nan ake anatomi da fiziyoloji da ilimin magunguna da zurfin da kwaleji ba ta kai ba, wanda ya tsallake su zai iya aikin da ya saba amma zai rikice ranar da ciwo ya zo ta fuskar da bai taɓa gani ba. Kota kuma a cewarsu ba mugunta ba ce, idan ɗalibai arba'in suka kewaye gado ɗaya na bayan ba ya ganin komai, kuma mara lafiyar ƙauye shi zai fara ɗanɗana sakamakon. Labarin takardu 142 na bogi ya ƙara musu ƙarfi.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika jin muryarsa ba, wato hukumomin lafiya matakin farko na jihohi da su kansu mutanen gari. Duk CHEW ko nas da ya samu hutun karatu, asibitin da ya bari yana iya komawa hannun ma'aikaci ɗaya ko ɗan sa-kai har shekara huɗu, kuma wanda ya dawo da digiri sau da yawa birni ake mayar da shi ko shi ya nemi can. Shi ya sa ake sa hannu a yarjejeniyar dawowa aiki kafin a saki mutum, shi ya sa kuma takardar hutun take daɗewa a tebur. Kowane ɓangare yana da abin kamawa, inda dai duka suka yi sakaci shi ne bayani, domin babu wanda yake zuwa kwalejojin nan a shekarar farko ya ce wa ɗalibai ga inda takardarku take kaiwa ga inda ba ta kaiwa.

Abin da zai shafi gida

Digiri yana ɗaga mutum a matakin albashi kuma yana buɗe masa hanyar shugabanci da koyarwa da karatun gaba, wannan ba a musu. Amma shekara huɗu ko biyar a Kano ko Dutse kuɗin makaranta ne kawai ake gani a takarda, a ƙasa akwai haya, abinci, kuɗin mota zuwa asibitin koyarwa, yunifom, kayan aiki, kuɗin indeksin da na jarrabawar hukuma. Kuma rajista ba ta jiran kaka, tana iya faɗowa tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma taki ya cinye abin hannu. Bashin karatu na NELFUND da aka fara a 2024 yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata ga ɗaliban makarantun gwamnati, ya rage nauyi, amma bashi ne ana biya bayan an fara aiki, kuma bai shafi jami'o'in kuɗi ba, inda gurbin nas da lab ya fi samuwa amma kuɗin ya fi ƙarfin yawancin manoma.

Ga mata lissafin ya fi haka tsawo. Wadda ta gama kwaleji tana da shekara 22 ko 23 galibi da aure ko ana shirin yi, karatun lafiya kuma ba a yin sa rabi da rabi, akwai kwanan asibiti akwai zuwa wasu garuruwa aikin koyo. Inda aka zauna tun farko da miji da iyaye aka tsara wa zai riƙe yara, a ina za ta zauna, ana gamawa lafiya. Inda aka ce "ki fara Allah zai kawo mafita" ba tare da shiri ba, a aji uku ake tsayawa, gurbin da aka sha wuya aka samu ya tafi a banza. Irin waɗannan ne karatun nesa na NOUN ko ABU ya fi yi wa daidai idan suna da RN.

Sai wani ƙaramin abu da yake kayar da mutanen karkara fiye da kowa, wato saɓanin suna da ranar haihuwa. Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da NIN, kuma bayanan da ke kan NIN su ake jawowa. Yaro an rubuta shi Sani Musa a firamare, hedimasta ya ƙara masa sunan garinsu a WAEC, a kwaleji ya zama Muhammad Sani, a NIN kuma mai rajista ya sa masa 1 ga Janairu saboda babu takardar haihuwa. Takardu huɗu mutum huɗu. Gyaran NIN yana ɗaukar lokaci kuma fom ɗin DE makonni ne ake rufewa, to wanda yake da niyyar nema baɗi, yanzu ne zai baje WAEC ko NECO ɗinsa da satifiket ɗin kwaleji da lasisi da katin NIN a kan tabarma ya karanta sunayen harafi bayan harafi, sannan ya duba ko lasisin nasa bai ƙare ba.